Ladi, Kada Ki Cika Bokitin Har Baki

Assalamu alaikum, Ladi ɗiyata. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da hwatan kin isa Agadas lahiya, kin iske gwaggonki da mutanen gidanta lahiya. Allah shi tsare maki gaba da baya, shi kau da idon mugu daga kanki. In kuwa kin kasa haƙuri kin buɗe wagga takarda cikin kar, babbar motar nan, tun ba ku wuce Maraɗi ba, to na san halinki, karanta abinki. Amma ki matse bokitin nan da kyau kada yaron mota shi ɗora mishi buhu.

Hannun Madam Zuwaira maƙwabciyarmu kike gani, bakin kuwa nawa ne. Na ce ta rubuta yadda magana tah hito, kada ta gyara mani ita irin ta lakwal, makarantar boko. Sunanki na yanka ita za ta sa a bayan takarda. Ni ba ni hwaɗin sunan ɗiyar hwari, ko da kin gama karatun ungozoman nan duniya ta san ki.

Shekaranjiya na gan ku ke da babanki, kun duƙa kan waya kuna kallon wani abin shuka na cikin ɗaki. Hwari tas, ga tiyo-tiyo, ga hitila a bisa, ga ɗan inji mai tura ruwa. Na ji shina ce maki zai sa a ɗauko irinshi daga Katsina ta Ɗan Issa, a aiko maki. Ina tankaɗe, ban ce uhum ba. Yanzu zan ce.

Kin san dalilin shukar nan, jininki ne. Tun kina ƙarama lokotoro a gidan likita yaj ja hwatar idonki ƙasa, yan nuna mani ciki hwari kamar auduga. Yac ce ƙwayar ƙarin jini kullum, ganye kullum, in ba haka ba kada in zo mishi da kuka. Gidan gwaggonki gidan arziki ne, amma tukunyarsu daga shinkahwa sai makaroni. Ke kuma ko yunwa za ta kashe ki, ba ki buɗe baki gidan mutane ki ce a sayo maki alayyahu. Kunyar nan a nono kinka sha ta. Don haka dole ki sami ganyenki a ɗakinki, wanda ba sai kin roƙi kowa ba. In kinka yi zaɓen tumun dare, ganye ya mutu, jini ya koma ƙasa, sai a maido mani ke kwance a bayan mota. Abin da nike gani ke nan duk lokacin da nar ruhe ido. Madam, rubuta shi haka, tsoro nike ji, ba abin ɓoyo ba ne.

To saurara, in ba ki labarin wautar uwarki. Wasu kin gani da idonki amma kina yarinya, ba ki san kan zancen ba.

Shekarar da tsoron 'yan bindiga yah hana mata zuwa garake na bayan tabki, a nan munka rasa garkarmu. Ganyen kasuwa yau a samu, gobe babu, in an samu ma ya yi yaushi. Gidan da muke haya kuwa siminti ne daga zaure har bayi, ga awakin mai gida masu cin ko tabarma. Ana haka wata mata ta porje, masu aikin taimakon nan, taz zo ƙungiyarmu ta mata, tac ce ana noma ba ƙasa, cikin ruwa zalla, a jiƙa wa shuka abincinta a ciki. Mata sunka yi ta shewa. Ni ban yi dariya ba, don ina da mai hwarin ido a gida.

Iri biyu taz zo da su. Ɗaya na tiyo da inji, irin wanda kunka gani a waya, sai dai babu hitila. Ɗaya kuwa bokiti ne kawai da marhi, an huda marhin an zura ɗan moɗa na roba mai huji a gindi, an cika shi da ɓawon gujiya, shuka na ciki, saiwa na leƙa ruwa. Da anka ce kowa ta zaɓa, wallahi Ladi na yi kokowa kamar wurin rabon naman layya. Nac ce ɗiyata ba ta cin abin bokiti, na inji nike so. Matar tat tambaye ni ko kuran, wutar lantarki, na zama a unguwarmu. Nac ce shina zama. Ba ƙarya nay yi niyya ba, kwaɗayi ne yay yi magana da bakina.

Ya yi kyau da hwari, ba ni ci mishi amana. Ruwa na gudu cikin tiyo shina 'yar ƙara mai daɗi, salati ya buɗe, har ina ƙirƙiro dalilin shiga ɗaki don in kalla. Sai bazara tak kama. Ran nan nat tahi suna da hantsi, kuran yaɗ ɗauke a bayana ban sani ba. Ina can ina cin shinkahwar mutane ina yaba abina. Da nad dawo bayan la'asar, na iske duka sun kwanta. Irin wannan ba ya aje ruwa, wucewa kawai ruwan shike yi. Inji na tsayawa tiyo ya bushe, saiwa ta soye kamar taliyar da anka shanya. Naɗ ɗauki buta ina ɗura ruwa ta bakin tiyo ina salati, ina! Mai mutuwa ya mutu.

Babanki ƙarami Lawali, kin san bakinshi, yaz zo da kihi daga tabki yat tarar da ni zamne dirshan. Yac ce, "Matarmu, ta'aziyya za a yi ko barka? Ina ce injin ne zai ba mu miya?"

Nac ce, "Aje kihinka ka hita."

Yac ce, "Zan hita. Amma in za ki shuka gero cikin buta ki aiko, in zo gayya."

To ga abin da nak koya. Abin da ranshi ke hannun kuran, ba a hannunki shike ba. Kahin ki so abu don kyawunshi, tambaya mi shike ci, wa ke gyara shi in ya lalace, kuma in kin wuni a lakwal wa zai tsaya kanshi. Ba na ce na inji mugu ne ba. Mai pano na hasken rana da batir, mai zaman gida, ya yi mishi daidai. Ke ba ki da ko ɗaya. Ki ce wa babanki an gode, ya bar shi can Katsina.

Nak koma wurin matar porje da kunyata, tab ba ni bokiti ba ta ko yi mani gori ba. Sai kuma nas sake wata wautar. Raina yab ba ni cewa baki ne yak kama na hwarko, tunda na yi ta yabonshi gidan suna. Don haka wanga nak kai shi uwar ɗaka, bayan gado, nas sakar mishi labule kamar mai jego. Ya tsiro, amma sirit, dogo, hwari-hwari, shina miƙa wuya wajen 'yar ɓular da haske ke shigowa. Nas sa mishi hitilar hannu, ko a jikinshi. Kin ga na ɓoye shi daga idon mutane, na haɗa da idon rana.

Saboda haka, ranar da kinka isa, kahin ki kwance kaya, duba ta ina rana ke shiga ɗakinki. Tagar da ke samun ranar sahe har hantsi ya ɗaga, nan ne wurinshi. Ranar yamma ta Agadas an ce wuta ce, ki kare shi daga ita. In ɗakin duhu ne, ki daure ki roƙi gwaggonki ɗan lungu a bakin ƙohwa. Wannan roƙo ɗaya ne, ki yi shi, ba ya kashe ki. In ko'ina babu rana, to sannan ne za ki ce wa babanki shi nemo maki hitilar shuka ita kaɗai, da ɗan pano. Maganar baki kuwa, karanta Hwalaƙi da Nasi ki tohwa, ki buɗe tagarki.

Akwai 'yan ƙanana, bari in zubo su kahin in manta. Na taɓa shuka cikin hwarin bido, jarkar ruwa, haske ya shiga, ruwa ya yi gansakuka kore shar, sauro ya mai da shi gidan ubanshi. Naki bokitin baƙi ne, marhinshi na kamawa gam, kada ki bar shi buɗe. In zahi ya yi yawa ki naɗa mishi jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa tulu, don ruwan ɗumi dahwa saiwa shike yi. Abincin shukar gari biyu ne, na ƙulle maki, ɗaya da jan zare ɗaya da baƙi. Ke kin iya karanta rubutun jiki, amma bar zarena a wurin. Kowane ki narkar da shi daban kahin ki zuba, in sunka haɗu da kauri sai su dunƙule su kwanta a gindi. Ma'aunin na ciki, kada ki ƙara. Ni na ƙara, don na ga shukar ta rame, nac ce ci ki ƙoshi. Bakin ganyen yaƙ ƙone kamar an kara shi a garwashi. Shuka ba baƙuwa ba ce da za a matsa mata sai ta ƙara loma. Kuma kada ki yi kwaɗayin tumatir, shan ruwanshi na raƙumi ne. Alayyahu, yakuwa, lansir, na'ana'a don shayin gwaggonki. Salati sai sanyi ya shigo.

Madam, sha ruwa, don yanzu nike zuwa ga babbar.

Kakarki Inna ta Safo, da ita tar raine ni, abu ɗaya ta hi tsana: ta leƙa randa ta gan ta rabi. Cewa take macen da randarta ke rabi, gidanta ma rabi ne. Kullum da sahe sai mun cika ta har ruwa ya taɓa marhi, in ba haka ba ranar ba ki da kunne. Da wannan hannun nag girma, da shi naz zo gidan babanki.

Matar porje ta hwaɗa mana, da kunnena naj ji. Tac ce ranar shuka kaɗai ruwa ke taɓa gindin moɗa. Bayan nan in ya ja ƙasa a bar shi, saiwa za ta bi shi. In za a ƙara, kada a maido shi sama, a bar sarari tsakanin marhi da ruwa, don saiwar bisa iska take sha. Na ji, na gyaɗa kai. Amma kullum in na cika randa, sauran ruwan guga sai in juye cikin bokitan nan har baki. In na leƙa na ga ya ragu sai gabana ya hwaɗi, in ce ƙishirwa za ta kashe su ina tsaye. Ga rana sun samu tunda na maido su taga, ga abinci daidai, amma sai su taso da kyau, su yi rawaya, su langaɓe. In ɗaga marhi in ga saiwa ta yi ja-ja tana yauƙi, tana wari kamar bakin kwata. Mi zan yi? In zubar, in sake shuka, in ƙara ruwa. Ban san ni ke shaƙe su ba.

Lokacin nan ke ma haka nike yi maki. Kin tuna? Atishawa ɗaya, ba lakwal. In yara sunka zo kiranki wasa in ce kina barci, ke kuwa kina jina daga ɗaki. Ko tsintsiya ba ni bari ki ɗauka. Kina zamne kan tabarma cikin rigar sanyi a tsakiyar bazara, kina kallona da idanun nan.

Sai anka aiko Inna ta hwaɗi a bakin rijiya ta karye. Nah hau amalanke sai Safo. Kahin in tahi na kama babanki na yi mishi huɗuba: yarinya kada ta hita, bokitai a cika su kowace sahiya. Yac ce to, to, to. Kin san to ɗin babanki. Jinya ta ja, na daɗe hiye da yadda naz zata. Ina shahwa wa Inna mai a ƙahwa, zuciyata na nan gida Madarumhwa tana ƙirga gawa.

Ranar da nad dawo ko sallama ban gama ba nay yi wurin taga. Ladi, nat tsaya kamar an kahe ni. Alayyahu ya hi ƙarhin tagar. Ganye kamar tahin hannuna, kore har shina baƙi-baƙi. Naɗ ɗaga marhi. Ruwa ya ja can ƙasa. Saiwa hwara sol, ta sauka ta bi shi kamar gashin tsohuwa, ta bisa kuwa ta yi wani ɗan gashi-gashi tana shan iskarta.

Babanki na bakin ƙohwa shina sosa ƙeya. Nac ce, "Malam, sau nawa kac cika su?"

Yac ce, "Wai bokitan? Ai... gaskiya mota ta yi ta ba ni wahala."

Nac ce, "Ko sau ɗaya?"

Yac ce, "Ki yi haƙuri."

Nac ce, "Haƙurin mi? Zo ka gani!"

Yal leƙa, yad dube ni, yag gyara hula. Yac ce, "To ai dama dabara ce. Manomi ba ya hwaɗin sirrinshi."

Ina cikin dariya da hawaye sai nat tuna. Nac ce ina yarinya? Yac ce tana lakwal, tun washegarin tahiyata take zuwa. Kahin in buɗe baki in ci mutuncinshi sai ga ki kin shigo da gudu, ƙura har gira, takalmi ɗaya a ƙahwa ɗaya a hannu, kina cewa yunwa kike ji. Ke da nike bi da kwano ina lallashi! Ranar na yanko alayyahun nan nay yi miya, kinka cinye kinka miƙo kwano. Na juya baya don kada ki ga huskata.

Daga nan fa sai Allah ya buɗe. Na kama hannuna, na daina cikawa. Bokitai sunka ƙaru, na jera bidoji a taga da bakin ƙohwa, wanga na tasowa wancan ana yanka. Jinin bai hau rana ɗaya ba, an sha watanni, da ƙwayarki da ganyenki. Amma akwai ranar da lokotoro yaj ja hwatar idonki, yas sake ja, yac ce, "Mi kike ba ta?" Nac ce, "Bokiti." Yac ce in ci gaba da ba ta bokitin. Na hito daga gidan likita ina tahiya kamar ni nag gina shi.

Matan da sunka yi shewa kuwa, ɗaya bayan ɗaya sunka riƙa shigowa, wai wuta sunka zo ɗiba, idonsu na kan taga. Na koya wa duk wadda tat tambaya, kuma abin da nike hwara hwaɗa masu shi ne wautata, don kada su maimaita. Amma ranar da ta hi mani daɗi ita ce ranar Lawali. Matarshi na da ciki, ƙahwa ta kumbura, an ce jini ya yi ƙasa. Yaz zo shina ta kewaye-kewaye, ina wuni ya hi sau nawa. Can yac ce, "Matarmu, wai ko akwai wani tsohon bido da ba ki so?"

Nac ce, "Ɗaga murya, kunnena ya toshe tun ranar ta'aziyyar inji."

Yac ce, "Haba Yaya."

Nac ce, "Yau ni ce Yaya? Ka zo da butar da za mu shuka geron?"

Sai da nas sa yaɗ ɗauki bidon a kai, da alayyahu tsaye a ciki, yar ratsa unguwa da rana tsaka, yara na binshi. Matar ta haihu lahiya. Har yau in ya gan ni sai ya ce ga sarkin noman ɗaka, ni kuwa in amsa, don sarautar ta dace da ni.

Saura magana ɗaya. Da sakamako yah hito anka ce kin samu lakwal ɗin Agadas, kin san abin da nac ce. Nac ce ba inda za ki. Kin yi kuka, gwaggonki ta kira na ƙi karɓar waya. Ban taɓa gaya maki abin da yaj juya ni ba. Wata sahiya ce na cika randa, ruwa ya ragu a guga, sai nag ga ƙahwata ta kai ni taga, hannuna ya ɗaga marhi zai juye. Bayan duk shekarun nan! Nat tsaya da gugan a sama. Ke kuma kina tsakar gida kina wanke-wanke, idonki a kumbure. Nas sauke gugan, nab ba awaki ruwan, nat tahi na iske babanki shina ɗaura takalmi, nac ce, "Ta tahi."

Tsoron bai tahi ba, shina nan zamne a ƙirjina. Amma ki duba cikin bokitinki, za ki ga na ja layi da ƙusa mai zahi. In za ki ƙara ruwa, nan zai tsaya. Ko ranki ya ce maki ƙara kaɗan don tausayi, kada ki wuce shi. Ni ma na ja nawa layin, a gaban Madam, ita ce shaida: ba ni kiranki sai ranar Juma'a bayan an sauko. Sauran kwanakin naki ne, ki yi karatu, ki yi ƙawaye, ki yi dariya har takalmi shi tsinke. Ganyen hwarko da kinka yanka ki kai wa gwaggonki da hannu biyu. Na biyu ki ci, ki ja hwatar idonki a madubi, ki gaya mani launin da kinka gani.

Allah shi kai ki inda ban kai ba. Shi tsare ki daga ciwo da mugun ji da mugun gani, shi haɗa ki da mutanen kirki, shi sa albarka a hannunki har ki karɓi haihuwar matan Madarumhwa ina zamne ina kallo. Shi maido mani ke da ƙahwarki, idonki ja zur. Na yahe maki duniya da lahira. Ki gaida gwaggonki da maigidanta da yara. Madam ma tana gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji.

In kuma kinka ga kirana ranar Laraba, ki ɗauka dai, Ladi. Hannu ne, bai gama koyo ba.

Wassalam. Uwarki.